Kafin Ka Zagi Mai Kanti, Je Ka Biya Shi Kuɗinsa

Ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, ina zaune a bencin wani mai shayi a bakin kwalta a Gazawa, sai ga wani abokin aikina ya tsayar da babur. Malamin makaranta ne kamar ni. Ya ce a haɗa masa shayi mai kauri da rabin burodi. Da mai shayin ya gaya masa kofi ya ƙara dala biyar, sai mutumin nan ya miƙe tsaye ya buɗe mana huɗuba: 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah, sun mai da talaka saniyar tatsa, ya kamata hukuma ta kama su ta ɗaure. Na kan benci suna ta gyaɗa kai. Ya gama, ya zauna, ya shanye shayinsa, ya goge baki, ya ce, "Rubuta." Ya tayar da babur ya tafi.

Mai shayin ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin gwangwanayen madara, irin wanda yaranmu ke rubutu a ciki. Na leƙa. Sunan abokin nawa ya cinye shafi biyu, kuma layin farko tun kafin azumi aka rubuta shi. Na ce, "Kai ba ka tambayarsa ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ina ni ina tambayarsa? Ɗana yana ajinsa."

Wannan amsa ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa 'yan'uwana ma'aikata daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu masu albashi a ƙananan garuruwan nan, malamai da ma'aikatan lafiya da masu kaki da na ofis, mu muka fi kowa ɗaga murya a kan tsadar kaya, mu ne kuma muka fi kowa cin jarin masu ƙananan sana'o'i. Mai tebur da mai shayi da mai tuwo ba su suka kawo tsadar rayuwa ba, amma da yawa daga cikin waɗanda suka karye, mu muka karya su.

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Damagaram ya san garuruwan da nake nufi: Gidan Rumji, Tsibiri, a bar Maraɗi a hannun dama, sai Cadawa, Agye, Gazawa, kafin a kai Tasawa. Na yi kusan shekara ashirin ina koyarwa a wannan ziri, wani lokaci a bakin kwalta, wani lokaci a ƙauyen da sai amalanke ke shiga. Ko'ina tsarin yini ɗaya ne. Da asuba mai koko da ƙosai ce ke fara hura wuta. Da hantsi mai shayi, da rana mai fura da mai shinkafa da wake da mai dambun zogale, da la'asar 'yan matan awara, bayan isha'i kuma mai tsire da rumfar tuwo. A tsakaninsu ga mai kanti ko mai tebur, wanda ba shi da lokacin tashi, don ko tsakar dare yaro ya kamu da zazzaɓi ƙofarsa ake bugawa a nemi ashana da maganin sauro.

Ga 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, dala a wurinmu sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000. Aikin mai tebur shi ne ya sauko da kaya daga lissafin jika zuwa lissafin dala. Magidancin da ya wuni yana lodin aya a kasuwar Cadawa ba shi da kuɗin kilon sukari, sai ƙullin dala biyar. Matarsa ba ta sayen litar mai, murfin kwalba take aika yaro ya sayo, da magi biyu da ƙullin gishiri. In babu wanda zai zauna ya fasa buhu ya ƙulla shi ƙulli ɗari-ɗari, rabin gidajen garin ba za su ɗora tukunya ba. Wannan aiki ne, kuma duk wanda ya raina shi ya gwada yi na kwana uku.

To, daga ina tsadar ta fito? Tun da mu ne masu ilmin boko, sai mu yi amfani da shi. Yawancin kayan da ke kan teburin nan daga Najeriya suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta ƙananan hanyoyin da kowa ya sani. Sauran, kamar shinkafar waje, daga tashar jiragen ruwa suke tasowa, su ci dubban kilomita kafin su iso Maraɗi. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe wasu a watan Disamba na 2020, amma ta Jibiya sai a watan Afrilu na 2022. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Najeriya ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. 'Yan ruwa-ruwa da ke sayar da mai a kwalba suka ji a jikinsu, haka 'yan kabu-kabu da duk motar da ke ɗauko kaya daga kudu.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Mu a nan mun fi kowa sanin ma'anar wannan, don layin wutar da ya taso daga Katsina ta Gazawa yake shigowa kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya, da masu injin niƙa, da masu cajin waya, duk suka tsaya cak. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma hanyar Kwatano ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina cikin jerin gwanon motoci da rakiyar soja. Duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, kuɗi ne ke hawa kan buhu.

Wani zai ce ai naira ta faɗi, me ya sa kayan Najeriya ba su yi arha ba? Ya manta cewa a can ma farashi hawa ya yi, har hauhawarsa ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. Abin da canji ya bayar da hannun dama, kasuwar Katsina da Kano da kuɗin mota sun karɓe da na hagu. Ku gaya mini, a cikin duk abubuwan nan da na lissafa, wanne ne mai shayin Gazawa ya sa wa hannu? Shi ya rufe iyaka? Shi ya cire tallafi? Kawai dai shi ne fuskar da muke gani. Wanda ke Abuja ko Yamai ko Kwatano ba ya jin zaginmu, sai mu juye shi kan wanda ke gabanmu, wanda muka san ba zai rama ba.

Yanzu mu zo ga abin da ke hannunmu. Bari in yi lissafi irin wanda nake ba 'yan aji shida. Mu ƙaddara mai tebur ya saro buhun sukari a Maraɗi a kan jika talatin. Ya biya mota, ya biya ɗan dako, ya sayi ledar ƙulli, ya biya tikitin kasuwa. Ya zauna ya ƙulla, wani ya zube, wani tururuwa ta ci. In ya yi sa'a ya samu ribar jika biyu da rabi bayan sati biyu. Sai Mushe ya zo ya kwashi kayan jika goma, ya ce sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, Mushe ya canza hanyar zuwa makaranta. Ribar buhu nawa ya tafi da ita? Huɗu, wato wahalar wata biyu. In irin Mushe sun kai biyar a littafin, maganar riba ta ƙare, uwar kuɗin ake ci. Ko da an biya bayan wata huɗu, buhun da ya saro a jika talatin ya riga ya ƙara kuɗi, abin da aka mayar masa ba zai maye kayan da aka ɗauka ba.

Shi ya sa za ka ga kanti ya fara da kaya har rufi, bayan shekara biyu sai kwalaye marasa komai da aka jera don rufin asiri. Wata rana ka tarar da kwaɗo a ƙofa, a ce maka ya tafi Agadas ko Libiya ko Ikko neman kuɗi. Mu kuwa sai mu ce, "Dama ba shi da kan kasuwa," mu koma teburin da ke gaba mu buɗe sabon shafi.

Ba na fitar da kaina. Shekarun baya, a wani ƙauye na ƙasar Agye, akwai wata yarinya a ajina da ta fi kowa lissafi. Ta fara zuwa a makare, sannan ta koma zuwa kwana biyu a sati, daga baya ta ɗauke ƙafa. Na je gidansu cike da fushi, na shirya jawabi a kan ilmin 'ya mace da illar talla. Uwarta mai tuwo ce, wurinta mu malamai ke cin abincin rana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, shigo ka gani." A bangon ɗakin girkinta akwai zane-zanen gawayi, layi-layi, kowane rukuni da alamarsa. Ba ta iya rubutu ba, amma ba ta manta kwano ɗaya ba. Ta nuna na direban da ya daina tsayawa, ta nuna na wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki ya tafi ba sallama, ta nuna na malamai uku. Sai ta yi shiru, ta bar rukuni ɗaya ba ta ambata ba. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Naka ne, amma ba don shi na kira ka ba."

Jika uku da rabi ne. A wurina kuɗin man babur na 'yan kwanaki, har na manta da su. A wurinta kuɗin tiyoyin dawar da za ta tuƙa gobe. Da jarinta ya ƙare, sai ta koma karɓar hatsi bashi a wurin mai awo da tsada, don ta biya kuma dole yarinyar ta ɗauki tallan ƙosai da safe, na gyaɗa da rana. Ni da na zo yi mata wa'azin talla, da hannuna a cikin ɗora wa yarinyar tire a ka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na biya a ranar, na matsa wa abokan aikina suka biya, yarinyar ta dawo aji, amma ta riga ta yi asarar rabin shekara, ba ta ci jarrabawa ba a wannan karon. Har yau abin yana cina.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a ɗakin malamai. Ta farko: albashi ba ya isa, wani lokaci ma ba ya zuwa a kan kari. Gaskiya ne. Ni ma da kwantaragi na fara, kuma farkon aikina ya zo daidai da yunwar 2005, wadda jihar Maraɗi ba za ta manta da ita ba. Na taɓa yin wata da watanni ban ga ko dala ba. Wa ya riƙe ni? Wani mai kanti ne a ƙasar Gidan Rumji, wanda bai san garinmu ba, bai karɓi jinginar komai ba, bai ɗora mini ruwa ba. Babu bankin da zai yi wa malamin ƙauye haka. Nita da Amana da Al Izza suna isar da kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko, amma ba aikinsu ba ne su ba ka tiyar gero ka biya in ka samu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba cin bashin nake zargi ba. Abin da nake zargi shi ne ranar da albashin ya faɗo, sai a fara da sabuwar waya da shadda da gudummawar biki, mai kanti ya zo a ƙarshe, in ma ya zo. Mutumin da ya ciyar da 'ya'yanka lokacin da ba ka da komai, shi ya kamata ya fara jin ƙarar kuɗinka.

Ta biyu: ai su ma 'yan kasuwar ba waliyyai ba ne. Wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Akwai mai buga gindin tiya don ta rage awo. Akwai mai sayar da madarar da kwananta ya ƙare. Akwai mai ba manomi tiya ɗaya da damina ya karɓi biyu da kaka, wannan kuwa zalunci ne tsagwaronsa. Akwai kuma manyan da ke kwashe gero da wake lokacin kaka su kulle a sito sai bazara. Amma mu bambance. Mai sito yana da motoci da masu gadi, ba ya ba Mushe bashin shayi, Mushe ma ba ya iya ɗaga masa murya. Maganinsa na hukuma ne, kamar hatsin rahusa da OPVN ke sayarwa, ko hana fitar da hatsi waje da gwamnati ta yi a watan Oktoba na 2024. Mai tauye mudu kuwa, a kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa, a daina saye a wurinsa. Ban taɓa jin malamin da ya ce wanda ya tauye maka mudu ka cinye kuɗin maƙwabcinsa ba.

Ta uku ita ta fi ba ni haushi: "Ai shi ya ga dama ya bayar." A'a. Ku tuna amsar mai shayi. Ta yaya zai hana malamin ɗansa? Ta yaya mai tsire zai ce wa mai kaki ba ya ba da bashi? Ta yaya mai fura za ta bi ma'aikacin asibiti bashi, alhali gobe za ta kai masa jikanta? Wannan ba yarda ba ce, tsoro ne da kunya. Mu kuma mun sani, da saninmu muke cin moriyarsu. Manomi in ya ci bashin mai kanti, da kaka za ka gan shi da damin gero ko buhun gyaɗa a ƙofar shago, don a garin aka haife shi, a nan za a binne shi. Mu baƙi ne masu jiran takardar canji. Ranar da ta fito, a ɗaure katifa a mota tun da asuba, a bar littafi a buɗe.

Waɗannan mutanen da muke yi wa haka, su ne ke riƙe gari in ya shiga uku. A 2019, lokacin da dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, ba motocin agaji suka fara tarar da su ba. Kafin a tsugunar da wasu a wurare irin su Cadakori, mutanen ƙauye ne suka buɗe rumbuna, mata suka ƙara ruwa a tukunya, masu tebur suka bayar ba tare da sanin ranar biya ba. Garin da ya bari masu tebur da masu tuwonsa suka karye, ranar wahala zai nemi mai ba shi aron tiya ya rasa.

Ga abin da nake kira a yi, babu wanda ke buƙatar taro a Yamai ko kuɗin Turawa. Ranar da albashi ya shigo, kafin ka isa gida, bi ta wurin mai kanti da mai shayi da mai tuwo. In ba za ka iya biya duka ba, ba da rabi, ka faɗi ranar cikon, ka cika. Shugabannin makarantu da na asibitoci da sauran ma'aikatu, kada ku sa hannu a takardar sallamar wanda aka yi wa canji sai an tambayi masu sana'ar unguwa. Ƙungiyoyinmu na malamai da suka iya kiran yajin aiki a kan haƙƙinmu, su iya ce wa ɗan ƙungiya ya ba mutane haƙƙinsu. Limamai, kun fi ni sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan bashi da rubuta shi take. Ku ware mata Juma'a guda, ku ambaci masu albashi ƙarara, kada ku tsaya kan 'yan kasuwa kaɗai. Mu malamai kuma, maimakon lissafin jiragen ƙasa da yaranmu ba su taɓa gani ba, mu koya musu riƙe littafin shago: jari, riba, bashi, ranar biya, don su taimaki iyayensu da ke zane a bango.

Ku kuma masu sana'a, ku ji tawa. Ku sa wa bashi iyaka da rana. Wanda bai biya na watan jiya ba, kada ku buɗe masa na bana. Ku haɗa kai, masu shayi da masu tuwo da masu tebur na gari ɗaya, ta yadda wanda ya gudu daga wannan benci ba zai samu wurin zama a wancan ba. Kunya ba ta sayo buhu.

Shi kuwa abokina na Gazawa, na san yana karanta abin da nake rubutawa. Ban ambaci sunanka ba, ba kuma zan ambata ba. Wata ya kusa ƙarewa. Ranar Asabar ina nan a bencin da hantsi, in ka zo da kuɗin mutumin nan, shayinka na ranar ni zan biya.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.